Yadda Ake Karatun Digiri na Biyu a Fannin Shari'a a Ƙasar Waje, da Neman Aiki Bayansa

Na daɗe ina zama da matasan lauyoyi muna shirya takardun neman gurbin digiri na biyu, wanda ake kira LLM, kuma tambayar da nake fara yi wa kowa ita ce: idan ka gama, a wace ƙasa za ka yi aiki, kuma wane irin aiki? Yawanci sunan jami'a ne a bakinsu, amsar wannan tambaya kuwa babu. A nan matsalar take farawa. Doka tana tsayawa ne a iyakar ƙasarta, kuma LLM shaidar ilimi ce kawai, ba ta ba ka izinin tsayawa gaban alƙali ko ba wa wani shawarar shari'a a ƙasar da ka karanta ta. Wannan izini yana hannun wata hukuma daban, mai nata sharuɗɗa da tata jarrabawa. Saboda haka duk tsarin da zan bayyana daga aikin yake farawa, sannan ya dawo kan karatun.

Abubuwan da za ka tanada

- Takardar shaidar digirinka na farko, da cikakken sakamakon darussan da ka ɗauka tun daga shekarar farko. Wurare da yawa ba sa karɓa daga hannunka, sai jami'arka ta aika musu da kanta. Wannan ita ce takardar da ta fi cin lokaci, don haka ita za ka fara nema.
- Shaidar an rantsar da kai lauya, idan an yi, da wasiƙa daga hukumar lauyoyin ƙasarku mai nuna sunanka na cikin rajista kuma babu wani tabo a kansa.
- Fasfo mai sauran wa'adi da zai wuce ƙarshen karatun.
- Sakamakon jarrabawar Turanci, IELTS ko TOEFL. Shekara biyu yake yi ya daina aiki. Wasu jami'o'i suna ɗauke wa wanda ya yi digirinsa da Turanci wannan jarrabawa, amma sai ka roƙa a rubuce, kuma ka ajiye amsar.
- Mutum biyu ko uku da za su rubuta maka wasiƙar shaida.
- Taƙaitaccen tarihin karatu da aiki, shafi ɗaya ko biyu.
- Shaidar kuɗi daga banki, ko takardar wanda ya ɗauki nauyinka.
- Jadawali guda, a littafi ko a kwamfuta, inda za ka rubuta ranar rufe kowane abu.
- Lokaci: wata 12 zuwa 18 kafin ranar fara karatu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na 1: Tsayar da inda ka dosa

Hanyoyi uku ne a gabanka. Ko dai ka zama lauya mai lasisi a ƙasar da ka je, ko ka shiga aikin da bai rataya ga dokar ƙasa ɗaya ba, kamar kotunan duniya, Majalisar Ɗinkin Duniya da sasanta rikicin kasuwanci tsakanin ƙasashe, ko kuma ka koma gida da ƙwarewar da ba kowa ke da ita ba. Rubuta zaɓinka na farko da na biyu. Na ukun nan kada ka raina shi. Mutane da yawa suna ɗaukarsa kamar faɗuwa, alhali shi ne ya fi saurin biyan wahala ga wanda ya karanta abin da ake nema a gida: dokar haraji, makamashi, harkar banki, mallakar fasaha, ko kare bayanan jama'a a intanet.

Mataki na 2: Karanta sharuɗɗan lasisi kafin ka duba wata jami'a

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi muhimmanci, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

A Amurka kowace jiha tana da tata doka. New York ce lauyoyin waje suka fi nufa. Idan digirinka na farko daga ƙasar da ke bin tsarin shari'ar Ingila ne, kuma tsawonsa ya yi daidai da na digirin lauya a Amurka, hukumar jarrabawar jihar tana iya barinka ka zauna ba tare da LLM ba. Idan daga ƙasar da ke bin tsari irin na Faransa kake, ko tsawon karatunka ya gaza, LLM ce ke cike giɓin. Sai dai giɓi ɗaya take cikewa, ko na tsawon karatu ko na tsarin shari'a, ba duka biyun ba. Kuma ba kowace LLM ba: dole jami'ar ta kasance wadda ƙungiyar lauyoyin Amurka, ABA, ta amince da ita, ka halarci aji da kanka a cikin Amurka, ka tara kiredit 24 (ma'aunin nauyin darussa), ka kammala cikin wata 24. A cikin 24 ɗin, biyu na ladubban aikin lauya ne, biyu na bincike da rubutun shari'a, biyu na gabatarwa ga tsarin shari'ar Amurka, shida kuma daga darussan da ake tambaya a jarrabawar. Hukumar tana tantance takardun ƙasashen waje tun kafin rajista, kuma ga mai dogaro da LLM da ke son zama jarrabawar Yuli, ranar rufewa ita ce 1 ga Oktoba na shekarar da ta gabata. Lura da kyau: wannan rana tana zuwa ne makonni kaɗan bayan ka sauka ƙasar. Wanda bai sa jami'arsa ta gida ta aika takardu tun kafin ya taso ba, yana iya rasa jarrabawar Yuli gaba ɗaya.

Jarrabawar kanta ana yin ta sau biyu a shekara, ƙarshen Fabrairu da ƙarshen Yuli, kwana biyu. A tsarin UBE, wato jarrabawar bai-ɗaya da jihohi da yawa ke amfani da ita, New York tana neman maki 266 cikin 400. Bayan ita akwai jarrabawar ladubban aiki ta MPRE, da wata gajeriya kan dokokin jihar, da awa 50 na aikin shari'a kyauta don taimakon jama'a. Ana sauya fasalin jarrabawar zuwa sabon tsari jiha bayan jiha, saboda haka ka tabbatar da wanda zai same ka. Kaliforniya kuwa tana barin wanda aka riga aka rantsar lauya a wata ƙasa ya zauna jarrabawarta ko da bai yi LLM ba.

A Ingila da Wales, tun 2021 hanyar zama lauyan ofis ita ce jarrabawar SQE, ƙarƙashin SRA, hukumar da ke kula da lauyoyin ofis. Kashi na farko tambayoyi 360 ne na zaɓen amsa, an raba su gida biyu. Kashi na biyu gwajin aiki ne: ganawa da mai ƙara, jawabi, rubuta takardun shari'a da bincike. Ana kuma neman shekara biyu ta sanin makamar aiki, wadda za a iya tarawa a wurare har huɗu, amma wanda ya riga ya zama lauya a ƙasarsa an ɗauke masa wannan, har ma yana iya neman a ɗauke masa kashi na biyu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne SQE ba ta buƙatar LLM ko kaɗan, kuma kashi na farko ana iya zama a cibiyoyin jarrabawa a wajen Birtaniya. Idan lasisin kawai kake so kuma kuɗi ya yi ƙaranci, wannan hanya ce da ta fi araha nesa ba kusa ba. Mai son zama barista, wato lauya mai tsayawa a manyan kotuna, hanyarsa daban ce: sai ya shiga ɗaya daga cikin zaurukan lauyoyi huɗu na Landan, sannan ya nemi gurbin horon shekara guda wanda ake tsananin gasa a kansa. Scotland tana da nata tsarin shari'a, don haka karatu a Edinburgh ba shiri ne na dokar Ingila ba.

A Kanada NCA, kwamitin tantance digirin shari'a na ƙasashen waje, shi ne ke duba digirinka ya faɗa maka darussan da za ka cike. Biyar kusan kowa sai ya yi su: dokar tsarin mulki, dokar manyan laifuka, dokar gudanar da hukumomi, tushen shari'ar Kanada da ladubban aiki. Bayan nan sai jarrabawa da horon aiki na lardin da ka zaɓa. Faransa tana da jarrabawa ta musamman ga lauyoyin da ba na Tarayyar Turai ba, wadda aka sani da jarrabawar sashe na 100, kuma da Faransanci ake yin ta. A Jamus cikakken lauya sai ya ci jarrabawar gwamnati guda biyu, kuma LLM ta shekara ɗaya ba ta kai mutum can.

Mataki na 3: Zaɓi jami'a da kwas

Yanzu ne za ka buɗe shafukan jami'o'i. Zaɓi shida zuwa takwas: biyu masu wuyar shiga, sauran waɗanda sakamakonka ya kai. Duba jerin darussan da za a koyar a shekarar da za ka je, domin abin da ke cikin takardar talla ba lallai ya kasance ana koyar da shi kowace shekara ba, kuma shahararren malamin da ya ja ra'ayinka yana iya tafiya hutun bincike.

Gari ma yana da nasa tasiri. Mai son dokar ƙasa da ƙasa yana amfana da kusanci da birnin Hague, inda Kotun Duniya da Kotun Hukunta Manyan Laifuka suke, shi ya sa Jami'ar Leiden take da farin jini. Geneva gidan hukumomin kare haƙƙin ɗan Adam da Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ce. Mai son sasancin kasuwanci ya dubi Paris da Landan da Singapore. Jami'ar Pretoria tana da tsohon shiri mai suna a kan haƙƙin ɗan Adam da dimokuraɗiyya a Afirka. A Oxford ba a kiran digirin LLM: BCL ne ga waɗanda suka fito daga tsarin Ingila, MJur ga waɗanda suka fito daga tsari irin na Faransa.

Rubuta wa ofishin shirin ka tambaye su kai tsaye: ɗaliban waje da suka gama bara, ina suke aiki yanzu? Jami'ar da ta amsa da sunayen wurare ta san abin da take yi. Wadda ta turo maka alƙaluman ɗaliban digirin JD, wato digirin lauya na shekara uku da 'yan ƙasa ke yi, ta kauce wa tambayarka.

Mataki na 4: Kuɗi

A manyan jami'o'in Amurka kuɗin makaranta kaɗai ya haura dala 70,000 a shekara, ban da haya, abinci da inshorar lafiya. A lissafinka ka ƙara kuɗin kwas ɗin shirin jarrabawar lasisi, da na zaman wata uku zuwa shida bayan kammalawa ba tare da albashi ba. Wannan na ƙarshen shi ne ake mantawa, kuma shi ke tilasta wa mutum karɓar kowane irin aiki.

Kowane tallafi yana zuwa da sharaɗinsa. Chevening ta Birtaniya tana neman ƙwarewar aiki ta shekara biyu, awa 2,800, kuma dole ka koma ƙasarku na shekara biyu bayan karatu. Fulbright ta Amurka tana zuwa da bizar J-1 mai sharaɗin komawa gida na shekara biyu. Idan burinka zama a can ne, waɗannan ba naka ba ne, kada ka karɓa da niyyar saɓa alkawari. Akwai kuma tallafin Commonwealth, da DAAD ta Jamus, da rangwamen da jami'o'i ke bayarwa da kansu. A Amurka ba abin kunya ba ne ka nuna wa wata jami'a tayin da wata ta yi maka, ka roƙi ƙari cikin ladabi. Sau da yawa ana samu.

Idan tallafi bai samu ba, shawarata ka jinkirta shekara guda ka ƙara ƙwarewar aiki, ka sake nema. Cin bashi mai yawa da fatan albashin ƙasar waje zai biya shi haɗari ne babba, domin aikin ba tabbas.

Mataki na 5: Rubuta takardun nema

Jami'o'in Amurka da yawa suna karɓar takardu ta hannun LSAC, wadda ke tattara sakamako da wasiƙu ta rarraba. Ba a neman LSAT, jarrabawar shiga makarantar lauyoyi a Amurka, don LLM. Manyan jami'o'i suna rufewa tsakanin Nuwamba da Janairu, wasu kuma suna cike guraben da zarar takardu sun iso, don haka mai sauri ya fi samun rangwame.

A bayanin kanka kada ka fara da cewa tun kana yaro kake son adalci. Masu karantawa sun ga irin wannan ba adadi. Ɗauko matsala ɗaya ta shari'a da ka ci karo da ita a wurin aiki ko a bincikenka, ka faɗi abin da ka yi, da inda iliminka ya tsaya, da darasin da ke wannan jami'a wanda zai cike wurin. Ka ɓoye sunan wanda ka yi wa aiki, domin sirrin mai ƙara yana kanka har a takardar neman makaranta. Game da wasiƙun shaida, malamin da ya duba kundin bincikenka ya fi babban mutumin da bai san aikinka ba amfani, komai girman muƙaminsa. Ba su wata biyu, ka haɗa musu da tarihinka da bayaninka.

Mataki na 6: Biza

Amurka tana ba da bizar ɗalibi ta F-1 bayan jami'a ta aiko maka takardar I-20 mai nuna ta karɓe ka. A ganawar ofishin jakadanci ana son ganin kuɗin karatu da alamar za ka koma gida. Birtaniya tana neman lambar CAS daga jami'a, mai tabbatar da an ba ka gurbi, da kuɗin da ya zauna a asusu kwana 28 a jere ba tare da ya sauka ƙasa da adadin da aka ƙayyade ba, ko da na yini ɗaya ne. Tun Janairun 2024 ɗaliban digiri na biyu na aji ba sa iya tafiya da iyali Birtaniya, sai masu digirin bincike ko waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Mai iyali ya san da wannan tun kafin ya biya kuɗin ajiye gurbi. Kada ka bar wani dillali ya haɗa maka takardar banki ta bogi. Ban da hana biza, lauyan da aka kama da ƙarya a takarda zai sha wuya a gaban kowace hukumar lasisi, domin duk suna binciken hali.

Mataki na 7: Watanni uku na farko

Karatun wata tara ne zuwa goma sha biyu, kuma neman aiki yana farawa ne a makon farko. Kafin ka yi rajistar darussa, ɗauki jerin sharuɗɗan lasisi ka kai wa mai ba ɗalibai shawara ya tabbatar maka zaɓinka ya cika su. Je ofishin taimakon neman aiki a gyara maka tarihinka bisa salon ƙasar. A Amurka da Birtaniya ba a sa hoto, shekaru, addini ko batun aure.

Ka san yadda kamfanonin lauyoyi ke ɗaukar ma'aikata. Manyan na Amurka suna ɗaukar yawancin sababbin lauyoyinsu daga ɗaliban JD da suka yi musu aikin bazara, don haka ƙofar mai LLM ƙarama ce. A watan Janairu ana yin tarukan ganawa da masu ɗaukar aiki musamman don ɗaliban LLM, irin wanda Jami'ar New York ke shiryawa, amma ana miƙa takardu tun kafin ƙarshen zangon farko, kuma yawancin guraben na ofisoshin da ke wajen Amurka ne. Manyan kamfanonin Landan kuwa suna ɗaukar masu horo kusan shekara biyu kafin su fara, kuma wa'adin nema yana faɗowa ne daga ƙarshen damina zuwa lokacin sanyi, lokacin da kake fama da sabon karatu.

Abin da ke sa a ɗauke ka shi ne abin da 'yan ƙasa ba su da shi: lasisinka na gida, sanin dokar yankin da kamfanin ke da hulɗa da shi, da harsunan da kake ji. Nemi tsofaffin ɗaliban jami'ar a LinkedIn, musamman waɗanda suka zo daga waje kamarka. Kada ka ce su ba ka aiki. Roƙi minti goma sha biyar su gaya maka yadda suka bi, ka zo da tambayoyi uku, ka aika godiya washegari. Shiga asibitin shari'a na jami'a inda ɗalibai ke taimakon marasa hali, ko gasar kotun gwaji irin Jessup ko Vis ta birnin Vienna, ko ka nemi zama mataimakin bincike ga wani malami. Ta nan ake samun wanda zai tsaya maka a cikin ƙasar.

Mataki na 8: Izinin aiki bayan kammalawa

A Amurka izinin aiki na ɗalibin da ya kammala, wanda ake kira OPT, wata 12 ne. Ana nema daga kwana 90 kafin kammalawa zuwa kwana 60 bayanta, ba a fara aiki sai katin ya iso hannu, aikin dole ya shafi abin da ka karanta, kuma zaman banza kada ya wuce kwana 90 a jimlace. Ƙarin wata 24 da ɗaliban kimiyya da fasaha ke samu bai shafi yawancin digirin shari'a ba. Bayan OPT sai bizar ƙwararrun ma'aikata ta H-1B, wadda mai aiki ne ke nema maka a watan Maris. Gurabenta 85,000 ne a shekara, 20,000 daga ciki na masu babban digiri daga jami'o'in Amurka, kuma da yake masu nema sun fi guraben yawa, ƙuri'a ake yi. Jami'o'i da wasu cibiyoyin bincike ba sa cikin wannan ƙayyadewa, don haka aiki a wurinsu mafita ce.

Birtaniya tana da bizar waɗanda suka kammala, ta shekara biyu, wadda za ta koma wata 18 ga masu nema daga Janairun 2027. Daga ita sai bizar ƙwararren ma'aikaci, kuma sai kamfanin da ke cikin rajistar gwamnati ta masu ɗaukar nauyi ne zai iya yi maka. Rajistar a buɗe take a intanet, duba ta kafin ka ɓata lokaci a kan wani kamfani. Kanada tana ba masu digiri na biyu izinin shekara uku, Jamus wata 18 na neman aiki, Holan shekara guda. Dokokin shige da fice suna yawan sauyawa, shafin gwamnatin ƙasar kaɗai za ka dogara da shi.

Mataki na 9: Idan aikin lauya bai zo da wuri ba

Faɗaɗa neman. Bankuna da kamfanonin inshora suna ɗaukar masu ilimin doka a sashen bin ƙa'ida da yaƙi da halatta kuɗin haram. Akwai aikin kula da kwangiloli, da tantance takardun ƙara, da aikin mataimakin lauya. A Ingila irin wannan aiki yana iya shiga lissafin shekara biyun SQE idan lauya mai lasisi ya sa hannu ya tabbatar, don haka ka tambaya tun ranar da aka ɗauke ka.

Mai son hukumomin duniya ya sani cewa yawancin guraben koyon aiki a sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya ba a biya, sai ka tambayi jami'arka ko tana da asusun tallafa wa irin wannan. Jarrabawar matasan ma'aikata ta Majalisar tana karɓar wanda bai wuce shekara 32 ba, daga ƙasashen da aka lissafa a wannan shekarar. Kotun Duniya tana da shirin horar da matasan masana doka wanda jami'a ce ke gabatar da sunan ɗalibi. Turanci da Faransanci ne harsunan aikin kotun, kuma wanda ke jin duka biyun ya wuce masu nema da yawa. Idan ɗaya kake ji, fara koyon ɗayan tun kana makaranta.

Sa wa kanka ranar yanke shawara, wata uku kafin izininka ya ƙare. Idan ranar ta zo babu tayi a rubuce, fara tura takardu zuwa kamfanonin gida da ofisoshin kamfanonin waje da ke yankinku, ka nemi wasiƙun malamanka da kwafin sakamakonka tun kana kusa da su, ka fita kafin biza ta mutu. Wuce wa'adi yana shiga tarihinka na shige da fice, kuma za a tambaye ka a kansa duk lokacin da ka sake neman biza ko lasisi.